Wufa da Murafan Hajiya Kulu

Mu'azu mai gyaran rediyo yana hayar shago a jikin gidan Hajiya Kulu a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma sau biyu tana aiko masa kan ya rage ƙara. A na uku da kanta ta fito, ta ce ranar da hayaniyarsa ta sake shiga ɗakinta, ya kwashe tarkacensa ya bar mata shago.

Ga shi kuma ya riga ya cika wa mutanen layi baki. Ya ce ranar da soja za su miƙa mulki ga farar hula, a ƙofar shagonsa kowa zai ji rantsuwa, ko kurma ne.

Matsalar ita ce gara ta cinye akwatunan sifikunsa. Ya ɗauke su ya kai wa Bello kafinta a Tarauni, sai ya tarar Bello ya nutse cikin aikin kujerun sababbin kansiloli. Bello ya jawo falankin filawud biyu, ya huda kowanne a tsakiya, ya ɗaure sifikun a jiki, ya ce akwati sai bayan rantsuwa. Mu'azu ya ce wannan ai tsirara ce. Bello ya ce ƙasar ma haka aka karɓe ta.

Da ya dawo ya jingina allunan da bango, muryar mai labarai ta fito kamar yana magana a cikin randa. Ya jawo su gaba da taku biyu, murya ta washe. Yana zagaya su ne ya lura da wani abu: gaba da ƙara, baya ma da ƙara, amma in ka tsaya daidai gefen allo, kusan shiru. Ya tsaya a gefen, ya matsa, ya koma, har mai shayi ya tambaye shi ko lafiya. Nan take ya juya allunan, gefensu ya kalli tagar Hajiya. Ya ce ya gama da tsohuwa.

Sai dai sautin ba nauyi, siriri kamar sauro a gwangwani. Don haka ya jawo wufa, wani ƙaton baƙin akwatin sifika mai ba sauti nauyi da aka kawo masa gyara daga motar kamfen, ɗan takarar ya faɗi zaɓe bai sake waiwayarsa ba. Ya tura shi lungu, ya murɗe shi har ƙarshe.

Ranar rantsuwa da hantsi layi ya cika, 'yan acaɓa har da kashe babura. Aka fara faretin soja, ganga ta buga. Wufa kuwa bai san gefe ba, bai san gaba ba. Ya bi ta bango ya shige ɗakin Hajiya, murafan kwanukanta na jere suka kama rawa, har waje ana jin ƙararsu.

Ta fito da mayafi a karkace. Mu'azu ya fara lissafin inda zai sami baron kwashe kaya.

"Kai Mu'azu, duk layi na jin magana, ni sai dum-dum kamar ana daka a kaina. Gwamnatin ce kake ɓoye mini?"

"Hajiya, ke kika ce kada ƙara ta shigo."

"Na ce ƙara. Na ce magana? Juyo mini allon nan, ka kuma kwantar da wannan ƙaton, ko yau ka kwana a titi."

Ya juya allo ɗaya ya kalli tagarta. Ta koma ciki, ta ce ya yi ta ragewa har sai ta ce ya isa. Yana murɗa wufa baya kaɗan-kaɗan, tana faɗowa ta taga: babban murfi ya yi shiru, saura na langa. Ya ƙara ragewa. Saura ƙaramin na miya. Ya ƙara. Can ta ce ya tsaya nan.

Mu'azu ya ɗago kai ya saurara. Ganga tana nan da nauyinta, murya tana nan tas, kuma ba ka iya cewa ga inda nauyin yake fitowa, kamar allunan ne da kansu suka yi ƙiba. Mai shayi ya ce yanzu ne ma ya yi daɗi.

Mu'azu ya ɗauko ƙusa ya yi wa maɓallin alama a wurin. Bai bar shagon ba, bai kuma koma wa Bello karɓar akwati ba. Duk wanda ya kawo masa wufa saiti daga baya, sai ya ce a jira tukuna, ya leƙa ya ga ko Hajiya tana ɗaki, don murafanta ne ma'auninsa.