Kwalbar Nani Ta Biyu

"Kar ki taɓa ta da hannu!"

Abin da Nani Ramdei, wato Kaka Ramdei, ta fara ce mini ke nan da na tsallake shingen da ke tsakanin gidajenmu, na tarar da ita durƙushe a bayan kicin tana sheƙa amai. Kwalba na kwance kusa da gwiwarta, wani baƙin ruwa na tsiyaya yana shiga ƙasa. A wuyan kwalbar akwai ƙullin ƙyalle, shi ba ja ba, shi ba rawaya ba, duk ya koɗe.

"Nani, me kika sha?"

"Na ɗauka tsamiya ce, beti." Haka take kirana tun da aka kawo ni unguwar, wato 'yata. "Maganin ciyawa ne. Kurɓi ɗaya na yi, kafin in ankara ya wuce."

Mu da muka tashi a cikin gonakin rake na bayan garin Labasa, babu wanda bai san abin da kurɓi ɗaya yake yi ba. Na kwarara ihu ina kiran Bimlesh, ɗan ƙanin marigayi mijinta, wanda shi kaɗai ke da a-kori-kura a layinmu.

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka da Nani, ban taɓa ganin ta yar da komai ba. Buhun fulawa ya zama rigar matashi, ɓawon kwakwa ya zama soson tukunya, guntattakin sabulu ta tara su a tsohuwar safa ta rataye a bakin tanki. Ruwan wanke shinkafa na barkononta ne. Amma abin da aka fi saninta da shi kwalabe ne. Ta wanke, ta shanya a kan karan shinge, ta zuba ruwan tsamiya ko man kwakwa ko ruwan lemon tsami na goge tebur, ta bi gida gida tana rabawa. Ba ta iya karatu ba, sai ta yayyaga tsofaffin zannuwanta ta riƙa ɗaura wa kowace kwalba alama. Rawaya a sha, kore a yi wanki, ja kuwa ko kusa kar a je. Yaran unguwa sun san wannan kafin su san baƙaƙe.

Ciyawa ma da tafasasshen ruwa da gishiri take kashe ta, sai da bayanta ya gaza. Ranar Juma'a Bimlesh ya kawo mata ragowar maganin feshinsa, ya ce yana son jarkarsa, ita kuma ta juye.

Muna cicciɓar ta zuwa mota ta damƙe mini wuyan hannu, har farcenta ya shige ni.

"Akanisi, kwalba biyu na cika da maganin nan. Biyu."

"To, bari mu je asibiti tukuna."

"Ki saurare ni, mai taurin kai! Da safen nan na miƙa wa Unaisi ɗaya ta kan shinge."

Unaisi 'yata ce, ita kaɗai gare ni, shekarunta tara. Tun da hantsi motar makaranta ta kwashe su zuwa wasan ƙwallon raga a filin bakin kogi. Na ga kwalbar da idona tana leƙowa daga jakarta, har na ce mata, "Ke da kakarki da tarkacenku." Na ciro waya na kira malamarsu sau uku. Wayar ba ta shiga, wajen nan ba a taɓa samun sabis ba.

A mararraba Bimlesh ya taka birki. Hagu gari, asibiti ke nan. Dama hanyar kogi, minti ashirin da ɗoriya a kan ramuka, sannan a dawo.

"Asibiti," in ji Bimlesh, yana murza sitiyari. "In na sauke Nani sai mu juyo."

"Dama," in ji Nani daga baya, kanta a cinyata.

"Nani, kowane minti..."

"Kai, ɗan banza, ni na yi maka wanka kana jariri ko kai ka yi mini? Na ci shekara saba'in da huɗu, yarinyar nan ko haƙoranta ba su gama fitowa ba. Ka yi dama."

Bimlesh ya waiwayo ya dube ni. Ya kamata in ce a kai tsohuwa asibiti, ko da na fatar baki ne. Sai na kau da kai. Gaskiya ita ce da ya yi hagu da na dira daga motar nan tana cikin tafiya.

Ban taɓa ganin hanya mai tsawo irin ta ranar ba. Rake ta ko'ina, ga motocin ɗaukarsa sun tare gaba suna rarrafe, Bimlesh na danna oda yana zagi. Nani ta yi amai sau biyu a zanina. Ni kuwa ba ita nake gani ba, bakin Unaisi nake gani a kan bakin kwalba. Ina ta cewa Allah ka sa ba ta ji ƙishirwa ba, alhali rana ta take sosai.

Tun motar ba ta gama tsayawa ba na faɗa filin. Na hango ta a gindin mangwaro, ta jiƙe da gumi, tana dariya da ƙawayenta. Kwalbar na tsakanin ƙafafunta, saura rabi.

"Unaisi! Kin sha? Kin sha, na ce!"

"Na sha mana, Na. Ai Nani ce ta ba ni." Haka yaranmu suke kiran uwa, Na. Sai ta ga fuskata, ta fashe da kuka.

Na cusa mata yatsa a maƙogwaro, tana ture ni, malamarsu na jan rigata tana tambayar lafiya. Na sansana kwalbar, wallahi ban ji komai ba sai warin aman da ke jikina. Na sungumi yarinyar da kwalbar na yi mota da gudu.

"Ba ni nan," in ji Nani.

"Me za ki yi da ita?"

"Ni dai na riga na sha nawa. Ba ni."

Ta kai baki ta kurɓa, ta juya a harshe, muna tsaye cirko-cirko muna kallonta. Ta haɗiye. Sannan ta mayar da kai ta rufe ido.

"Tsamiya ce. Gishirin ma ya yi yawa, ba ki gaya mini ba, ja'ira."

Na zube a ƙasa ina kuka riƙe da Unaisi. Bimlesh ne ya daka mini tsawa na tashi.

A asibiti likita ya tambaya ƙarfe nawa ta sha. Da muka faɗa masa ya dubi agogo, ya sa aka shige da ita. An gwada Unaisi, lafiyarta ƙalau. Nani kuwa aka ce mu kira 'ya'yanta da ke ƙasar waje.

Murnata ba ta kai la'asar ba, don Bimlesh ya zauna kusa da ni a benci ya ce, "To in ba ta Unaisi ba ce, ina ta biyun?"

Ranar Juma'ar nan Nani ta yi tsamiya tukunya guda ta rarraba wa rabin unguwa, kuma ta kasa tuna wa da wa. Muka koma muka bi gida gida. Duk kwalbar da ke da ƙyalle a wuya muka karɓe, muka jera a barandarta, arba'in da 'yan kai. Bimlesh ya sa safar hannu yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya yana zubarwa a rami. Tsamiya, tsamiya, man kwakwa, tsamiya. Babu ita. Tun daga ranar unguwarmu ta shiga wani hali. Uwa ta ga ɗanta ya tsinci kwalba sai duka. Mijina Waisake ya daina tafiya yankan rake da goran ruwa, sai dai ya kafa kai a famfo. Ni kuwa na kwashe firij ɗina kaf, na duba bayan buhun shinkafa, na duba ƙarƙashin gado, in Unaisi ta yi tari sai in ruga in duba ta.

Akwai kuma abin da ke cina wanda ban gaya wa ko Waisake ba. Ni mace ce da ba ta son ƙazanta, bakina kuma ba ya shiru. Ranar Laraba na shiga kicin ɗin Nani na ga ƙyallayen nan rataye a ƙusa, ta zare su daga tsofaffin kwalabe da ƙullinsu, duk maiƙo da ƙuda. Na ce, "Haba Nani, tattalin naki har da datti?" Na kwashe su na jiƙa a bilic, ruwan wankin nan mai cire kala, abin da ita ba ta taɓa sawa a gidanta, wai yana cin tufa. Na mayar mata da su Alhamis sun yi fes, ina ta jiji da kai. Ja da rawaya duk sun koma kalar shayi mai madara. Na san idonta ya yi rauni, amma abin bai ko zo mini a rai ba.

Rana ta uku Bimlesh ya zo asibiti da ƙyalle ɗaya a hannu, idonsa jawur.

"Nani, shekara nawa kina ɗaura waɗannan ba su taɓa koɗewa haka ba. Wa ya wanke su?"

Ina tsaye a ƙafar gado riƙe da kofin ƙanƙara. Bakin Nani duk ya ɗaye, magana da ƙyar.

"Rana ce ta cinye su."

"Rana? A cikin kicin?"

"Ka zo duba ni ne ko aikin ɗan sanda ka samu? Je ka ba kajina ruwa."

Da ya fita na durƙusa na ce, "Nani, ni ce..."

"Rufe mini baki. Sa mini ƙanƙara." Na sa mata a leɓe, ta tsotsa. Can ta ce, "Kofin nan kar ki bari su yar, zai yi dashen barkono."

Numfashinta ya riƙa gajarta kullum. Tana cikin hayyacinta sarai, wannan ne ma ya fi ba ni tsoro, don ta san abin da ke zuwa kuma tana kallonsa. Duk shigowata ba ta gaisuwa, sai ta ɗaga yatsu biyu tana tambaya da ido. In girgiza kai, sai ta juya ga bango leɓɓanta na motsi, tana lissafa gidajen unguwa.

Rana ta shida da safe na same ta ido buɗe tana jirana. Muryar ta tafi gaba ɗaya. Ta jawo ni, na kara kunne a bakinta.

"Buhu," ta ce. "Naki."

"Wane buhu, Nani?"

Ta nuna ƙasa da yatsa, ta sake nunawa, ta matse hannu kamar mai matse wanki. Sai na gane. Kafin mu sayi firij ita ta koya mini in jiƙa buhun algarara in rataye a ƙarƙashin gida, in sa kwalabe ciki su yi sanyi. Shekara biyu rabona da shi. Amma Nani ba ta yarda da sanyin firij ba, kuma ta san in ta miƙo mini kwalba sai na yi mita, don haka wani lokaci takan lallaɓo ta ajiye wa Waisake a nan. A ƙarƙashin gidan nan Unaisi take wasan 'yar tsana, ranar kuma babu makaranta.

"Bari Bimlesh ya zo sai in tafi," na ce. "Ba zan bar ki ke kaɗai ba."

Ta ture ni da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta nuna ƙofa.

Na kira Waisake, yana gona wayarsa a kashe. Na tari mota ban ko tambayi inda za ta tsaya ba, daga bakin titi na ruga a guje, takalmi ɗaya ya tsinke na bar shi a nan. Unaisi na zaune a kan matakala tana tsefe wa 'yar tsanarta kai.

"Kin shiga ƙarƙashin gida yau?"

"Ɗazu. Na, kin san akwai tsamiyar Nani a buhu? Na bar wa Ta, shi ya fi so."

Babanta take nufi. Na ce ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na rarrafa cikin duhun wajen, yanar gizo a fuskata, na zura hannu cikin buhun da ya bushe ƙayau. Na fito da kwalbar haske na ɗan sassauta murfin, warin ya buge ni. Ita ce.

Ina zaune a ƙasa da ita a gabana waya ta yi ƙara. Bimlesh ne. Ya ce ya shigo ya tarar ana rufe mata fuska, ba a fi minti goma ba. Ya ce, "Kina ina? An ce ke ce a wajenta."

"Na samo ta," na ce. "Ta biyun."

Sai ya kashe wayar.

Ta kan shinge ina hango kwalaben nan arba'in da 'yan kai a jere a barandarta, kajinta na kiwo a gindinsu. Na zare ƙyallen daga wuyan kwalbar, na sa farce na yi ta fama da ƙullin har ya kwance. Can ciki, inda ruwan wankina bai kai ba, ja ne jawur.