Safar Hannu Ɗaya

"Wa ya taɓa zaren nan?"

Mai ɗinki ta tsaya a ƙofar ɗakin maƙwabciyarta. Kwandon saƙa wayam. A kan gado Iya Mai Safa na jan numfashi da ƙyar, idanunta sun daina gani.

Babban ɗan Iya, wanda sai jiya ya tuna hanyar gidan, ya leƙo daga baranda. "Ni ne, Inna. Kwalaye na ɗaure da shi. Zare ne fa kawai."

Zare kawai! Siririn zaren auduga ne, mai santsi, wanda aka babbake gashinsa a wuta, ragowar abin da Iya ta adana tun kafin masaƙarsu ta rufe. Da shi take saƙa wa autarta safar hannu, don aikin wanki ya farfasa wa yarinyar hannu, kowane zare kuwa cizon ciwon yake in ba wannan ba. An gama ta dama, ta hagu saura yatsu. Da allura ta gagari Iya, mai ɗinki ta ce wallahi ita za ta ƙarasa.

"Uwarka na numfashi kana ɗaure kayanta? Kai, tir! Ko kunya babu?"

"Mai gidan hayar zai buƙaci ɗakin ai."

Ta bangaje shi ta durƙusa gaban kwalayen. Ya guntule zaren kaca-kaca, ya ƙuƙƙulle. Saƙa mai ƙulli kuwa ba ta hawa kan ciwo. Don takaici ta ji kamar ta kwaɗa masa kwandon.

"Ƙanwata," Iya ta kira can ƙasa-ƙasa. "Kin gama?"

Mai ɗinki ta share ido da gefen mayafi. Ta ɗauko ta daman ta sa mata a tafi. Yatsun Iya suka bi saƙar a hankali.

"Ɗayar fa?"

Mai ɗinki ta karɓi ta daman, ta juya ta, ta sake miƙa mata ita. Iya ta shafa, ta daɗe a kan babban yatsa, sannan ta yi ɗan murmushi.

"Hannunki kamar nawa," in ji ta.

Kafin la'asar rai ya yi halinsa. Da autar ta iso daga wurin aiki, sai da aka buɗe yatsun tsohuwar ɗaya bayan ɗaya kafin safar ta fita.