Ta Ce Da Sauƙi

…da sauƙi, wai. Da sauƙi! Ji fa, Sabuwa. Leɓe fari fat, ido ya zurma, kofin shayi ma ba ta iya riƙe shi, likita ya tsaya a kanta ya ce "yaya jiki?" — iyakar Hausarsa ke nan, ita da "sannu", watansa huɗu a Gumel — yarinyar nan ta buɗe baki ta ce masa da sauƙi. Ga shi har ya fara rubutu. Na san rubutun nan. Shekara ashirin da biyu na yi ina goge daɓen ɗakin nan kafin in ajiye aiki, na san yadda hannun likita yake gudu in zai sallami mutum.

Asama'u ke nan, matar Haladu, daga Gagarawa Tasha. Haihuwa ta uku, a gida, yau kwana shida. Jiya da hantsi na tsince su a bakin get ɗin asibiti, a-daidaita-sahu ta sauke su, mijin rungume da jaririya, ita jikinta zafi rau, suna ta waige-waige ba su san inda za su dosa ba. Aikina ke nan yanzu, ƙanwata. Ƙungiyar mata ta ɗinka mana koren hijabi, aka ce mu tsaya mu raka wanda bai san kan asibiti ba. 'Yan rakiya. Inna Zuliha mai rakiya. Ga tagar kati, a'a ba waccan ba, waccan ta magani ce… miƙa hannun, jini kaɗan za su ɗiba su auna, ba sayar da shi za su yi ba… takardar nan kar in ga an ƙunshe goro da ita. Matan Damagaram su tsallako ta Maigatari su ce mini "Inna, ina ne likita?" asibitin suke nufi gaba ɗaya, in ce to ai a cikinsa kike tsaye. Wannan duk wasa ne. Wahalar tana wajen abin da mutum ba zai faɗa ba.

Ɗazu da safe na kama ta na kai ta banɗaki. Ƙafa ɗaya, ƙafa ɗaya, tana dafa bango. Sai na ga ledar. Baƙar leda, ta cusa ta ƙarƙashin kayan jaririya, zani uku a ciki a nannaɗe, sharkaf. Ba jinin biƙi ba ne wannan, ni za a gaya wa jinin biƙi? Guda-guda… ga wari, irin wanda hancina ba ya mantawa. Ta damƙe mini hijabi. "Inna, don girman Allah. Amana ce. Gobe suna, in suka sani ba za su sake ni ba. Kuma in Malam ya ji irin wannan magana a kaina, da wane idon zan ƙara gaishe shi?" Malam, surukinta. Na ce to. Ni da bakina na ce to! Me ya kai ni? Ta riƙe ni ne, tana rawar sanyi, kuma wa ke iya cewa a'a a banɗaki?

Alƙalamin likita na gudu.

Haka na wancan likitan ya yi gudu. Kin tuna? Gadon can na jikin taga, inda yanzu aka ajiye ƙarfen rataye ruwa. Ina riƙe da bokiti da tsumma, baƙon likita ya yafito ni, babu nas a kusa, ya ce in tambaye ki. Kika dube ni kika ce da sauƙi, Yaya. Ni kuma don a ce mai shara ta iya Turanci na ce masa "beta". Har da murmushina. Beta! Na san kuwa mu ba ma cewa komai sai haka. Babanmu ana gobe zai rasu da sauƙi ya ce. Wanda mota ta take, in aka gaishe shi, da sauƙi zai ce, ai gaisuwa ce, ladabi ne ga Ubangiji, ba labarin jiki ba ne. Na sani sarai, amma na juya masa ita yadda take, na koma kan bokitina. Aka sallame ki. Kwana uku tsakani aka ɗoro ki a amalanke daga Sule Tankarkar za a dawo da ke, shanun ba su kai rabin hanya ba kika cika…

A'a. Ba yau ba.

Ga ni a gefen likita. Turancin tsintsiya ne, guntu-guntu, na tsince shi a ƙasa kamar yadda nake tsintar audugar da aka yar, amma yana kai saƙo. Jini. Da yawa. Zani uku. Wari. Murya ƙasa-ƙasa, don Asama'u kaɗai take kallon bakina. Ba ta jin Turanci amma ta gane, wallahi ta gane, ga idon nan. Alƙalami ya tsaya. Ya kira nas, an ja labule, ya janyo fatar idonta ya duba, ya danna mara ta yi ƙara. Yaron kirki ne, ba laifinsa ba ne, abin da aka faɗa masa ya rubuta. Nas ta juyo mini da Hausa: ragowar mabiyiya ce ta tsaya a ciki ta fara ruɓa. Wankin ciki, yau, ba gobe ba. Ƙarin jini leda biyu. Ya yage takardar sallamar.

Rabin amana ya tafi. To ya tafi mana. Likita ai ba suruki ba ne, ko? Ba shi ta hana ba… ƙarya nake, kowa ta hana.

Baranda. Malam Barau a kan benci, carbi a hannu, farin rawani, mutumin da almajiransa suka cika Gagarawa da kewaye. Haladu a tsugune a gabansa, gemu ya fara furfura amma ko ɗaga kai ba ya yi. Na durƙusa, gwiwar nan tawa ta yi ƙas. Allah gafarta Malam, likita ya ce sai ta ƙara kwana.

"Hajiya, da kunnena na ji ta tagar nan. Ta ce da sauƙi."

Shi ma! Kai jama'a, shi da ya san kalmar nan ciki da bai, shi da ya faɗe ta sau dubu yana kwance, yau da yake ta yi masa daidai ya karɓe ta a bakin gaskiya. Ba mugu ba ne, Sabuwa, kar ki ce mugu ne. Rago na ɗaure. An raba goro tun shekaranjiya. Dangi sun iso, mata sun jiƙa gero, motar Gagarawa tana tasha saura mutum uku ta tashi. Zazzaɓin mai jego, in ji shi, wace ce ba ta yi ba? Ruwan zafi da kunun kanwa, kwana biyu ta miƙe. A yi suna uwar ɗiya tana asibiti, mutane su ce me? Na ce jininta ya yi ƙasa. Ya ce za a ba ta hanta da zogale. Na ce ciwon na ciki ne. Ya ce Allah ne mai ciki da waje. Ina ta kewaye-kewaye kamar akuya a turke, shi kuma yana amsa mini da haƙuri, da ladabi, har ma yana tausaya mini.

Ga nas da wata takardar. Wadda ake dangwalawa in mutum zai ɗauki nasa ba da yardar likita ba. Ta buɗe tawada. Ita ba ta da lokaci, mata goma sha ɗaya ke jiranta. Haladu ya dubi ubansa. Uban ya gyaɗa kai. Babban yatsa ya shiga tawada, ya fito shuɗi…

Wace ce ni a nan? Ba uwa ba, ba nas ba, ko takardar firamare ba ni da ita. Tsohuwa mai koren hijabi. Abin da kawai nake da shi a asibitin nan shi ne mata suna faɗa mini. Abin da ba su faɗa wa miji ba, ba su faɗa wa uwa ba, a banɗaki, a bayan tankin ruwa, su ja ni gefe, Inna zo ki ji. Shekara shida ina tara wannan. Ban taɓa zubar da ko ɗaya ba.

Yatsan yana sauka.

Bakina ya riga ni. Ina jin muryata kamar ta wata, ga ta da ƙarfi, ban san na ɗaga ta haka ba. Allah gafarta Malam, ka yafe mini, jini ne yake zuba daga jikin surukarka. Zani uku ta jiƙa daga jiya zuwa yau, suna cikin leda a ƙarƙashin kayan jikarka, in ka ce in ɗauko in shimfiɗa maka a nan zan ɗauko. Mabiyiya ce ta ruɓe a cikinta, tana wari. In ta hau motar nan, ragon da ka ɗaure ba na suna za a yanka ba.

Innalillahi. Na faɗa. A gaban suruki, a gaban miji, da sunan kowane abu. Mai sayar da ayaba ma ta daina talla.

Carbin ya tsaya. Ya kawar da kai, ya dubi bango, kunya ta rufe dattijon nan har kunnuwansa, ni na yi masa wannan. Haladu da yatsa a sama kamar mai jiran a ba shi izinin numfashi. Can Malam ya miƙa hannu, ba tare da ya kalle ni ba, ya zare takardar daga gaban ɗansa ya miƙa wa nas. Ya fara naɗe hannun riga. "Ina ake ɗibar jinin?" Ba za su ɗauki naka ba, Malam, shekaru sun ja. Haladu, tashi, bi baranda har ƙarshe, ƙofa mai shuɗin fenti, ka ce Inna Zuliha ce ta turo ka. Leda ɗaya ke nan in ya dace da nata. Ɗayar fa? Sai na bi 'yan a-daidaita na bakin get, akwai biyu da ba sa ƙi na. Bari in leƙa ta tukuna.

Tagar a buɗe take. Tun ɗazu a buɗe take, ta nan Malam ya ji nata, ta nan matan ɗakin suka ji nawa. Gado goma sha biyu, ba mai tari.

Ta juya wa ƙofa baya. An ɗaura mata ruwa, jaririya na barci a gefe. Asama'u. 'Yata. Za a shiga da ke yanzu, ba daɗewa ake yi ba, ina nan bakin ƙofa har ki fito. Na kai hannu kan nata — sanyi ƙalau — ta janye shi a hankali, da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta tura ƙarƙashin zani. Ko zagi ba ta yi ba. Da ma ta zage ni. Ki rayu ki ƙi ni, yarinya, na yarda, ki yi shekara hamsin ba ki gaishe ni ba, in dai kina da bakin da za ki ƙi gaisuwar… in an samu leda ta biyu. In jikin ya jure.

Bari in je neman leda ta biyun.

Ta gadon kusa, Mansura, wadda aka kawo daga Maigatari da tsohon ciki, ƙafafu a kumbure. Hannunta a ɗage yake, ta fara yafito ni, bakinta ya buɗe da "Inna"… Muka haɗa ido. Ta dubi bayan Asama'u. Ta dubi tagar. Hannun ya sauka a hankali, ta ja mayafi ta rufe har ka.

Mene ne, 'yar nan? Me za ki faɗa mini? Ina ne yake miki ciwo?

Ba ta motsa ba.