Abin da Inna Ta Sha da Safe

…kuma yanzu ba kya numfashi, Inna. Ni na hana ki. Da hannuna na tura allurar da ke sakin jiki, na ga ƙirjinki ya kwanta, daga nan numfashinki ya dawo wuyana. Aikina ke nan, likitar sa barci — in tsayar wa mutum da numfashi, in zura masa bututu a maƙogwaro, inji ya karɓa, masu fiɗa su yi nasu. Na yi wa mutanen da ban san adadinsu ba.

Maƙoƙon nan naki ne. Ya girma har ya ture hanyar iska gefe guda, hoto ya nuna. Shi ya sa na ce wa Jelani, mataimakina, ya kawo mai kyamara — ƙarfe lanƙwasasshe mai ido a tsininsa, da 'yar talabijin ɗinsa. Da tsohon ƙarfe ne, sai na sunkuya na leƙa bakinki da idona. Da wannan kuwa… gilashi zan kalla. Gara haka. Tun da na yi wayo ban taɓa haɗa ido da ke ba, balle in leƙa bakinki.

Buɗe baki. A hankali, haƙorin Makka na nan a gefe, in na ɓalle shi ba za ki yafe mini ba. Ta tsakiyar harshe. Ido a baki tukuna, sai ƙarfe ya wuce harshe sannan a ɗaga kai a dubi talabijin — haka nake nanata wa ɗalibai har sun gaji da ni…

Gidanku na unguwar Gidan Igwai. Ɗakinmu na haya a bakin zaure, naku a ciki. Mama na koyarwa a firamare, ta fita tun da sassafe, ni ina bayanki a goye. A ɗakinki aka yaye ni. Rahilar Hasana, da sunanki unguwa ke kirana, har wasu ba su san ni ɗiyar Malam Barnabas ce ba. Ranar Lahadi ke kike ɗaura mini ɗankwali in tafi coci, kina mita wai Mama ba ta iya ɗauri ba. Jiya da na zo duba ki kika kama hannuna: “Ke za ki sa ni kwana? To mi za ni tsoro, hannun ɗiyata na.”

Ga murfin maƙogwaro. Kada ki zurfafa, Rahila, ja baya kaɗan. Ɗaga. Ga ƙofar iska can — tsakanin igiyoyin murya farare biyu, ta karkace, ta matse, amma ga ta. Gani daban, shiga daban. Jelani ya sa mini bututu a hannu, da wayarsa a ciki an lanƙwasa kamar lauje. Ido a baki, a zura ta gefe, ido a talabijin —

Mene ne wancan?

Daga ƙasa yake tasowa, ta hanyar abinci. Baƙi. Jini ja ne, matsarmama koriya ce, wannan baƙi ƙirin, da tsaki-tsakin gero a ciki. Yana cikowa… yana hawa wajen ƙofar… Warin ya buge ni ta cikin takunkumi. Hayaƙi da ƙaro. Na san shi, ai na sha shi ina ƙarama, ke kika ba ni, Mama ta yi kamar ba ta gani ba.

Rubutu.

Gilashi ya yi duhu. Ruwan ya rufe idon kyamara, na makance, ƙarfe a hannuna ba amfani. Kai ƙasa — Jelani, karkata gadon, ba ni mazuƙi. Muryata ce wannan? A kwance take kamar ina tambayar kuɗin tumatir. Zuƙa. Zuƙa. Kwalbar inji na karɓa, baƙi, baƙi, nawa kika sha ne, Inna? Kofi ɗaya ba ya haka. Wannan kwano ne guda, an dama da fura don ya shiga da daɗi.

Na tambaya fa. Da safen nan na tambaya. Na shigo ɗaki na durƙusa, na gaida Baba Mamman, maigidanki, yana zaune kan tabarma da carbi. Kun tashi lafiya, ya mai jiki, ya kasuwa. Kaina a sunkuye na ce ba ta dai ci komai ba ko? Ya ce: “Tun jiya ko ƙwarar shinkafa ba ta sa ba, yadda kunka ce haka munka yi.” Gaskiya ya faɗa. Shi rubutu a wurinsa ba ci ba ne, ba sha ba ne, addu'a ce. Da wata baƙuwa ce a gadon nan, da na tsaya a kanta na lissafo — ruwa? koko? jiƙo? rubutu? Kullum nakan lissafo. Amma ke? Ta yaya zan titsiye Baba kamar ɗan makaranta? Ɗiya ba ta tambayar uba sau biyu. Na ga kina goge baki da gefen mayafi, na ɗauka yawu ne. Na ɗauka, ko dai na so in ɗauka?

Sautin inji na sauka. Ba sai na duba lamba ba, kunnena ya san yadda iskar jini ke raguwa, kowane bugu ya fi na baya kauri. Idan na matsa miki iska da jaka yanzu, zan tura baƙin nan cikin huhu da kaina. Idan ban matsa ba… Fitar da ƙarfe. Goge idon. Mayar. Mazuƙi a gaba, kyamara a bayansa, kada ta sake nutsewa. Ya Ubangiji, Kai ka san matar nan. Ka san ta fiye da ni.

Ga ƙofar. Farare biyun sun yi toka-toka. Bututu — ya tokare a sama, ya ƙi. Ja baya. Murɗa shi dama. Jelani, zare wayar kaɗan… kaɗan… ya shige. Ina kallo ya wuce tsakaninsu. Hura balan-balan ɗin bututu ya toshe hanya. Kada a haɗa inji tukuna, a zuƙe cikin bututu, in ga abin da ya riga ni shiga.

Siririyar roba ta sauka. Ta dawo.

Da baƙi a cikinta. Ba yawa. Kamar zare. Da ƙwayar gero ɗaya manne a jiki.

Haɗa. Ƙirji ya ɗaga, ya sauka. Layin numfashi ya fito a inji, tudu bayan tudu, bututu na inda ya kamata. Na sa abin sauraren ƙirji a kunne. Hagu fes. Dama, can ƙasa… ƙarar nan kamar ana taka busasshen ganye. Lamba ta hau, ta tsaya, ta ƙi ƙarasawa. Likitan fiɗa na tsaye, hannuwa a naɗe, idonsa na tambayata a yi ko a fasa. A fasa. Maƙoƙo ya yi shekaru yana jira, zai ƙara jira. Huhu ne ban sani ba. Wani lokaci yakan share da kansa. Wani lokaci sai zuwa gobe zazzaɓi ya taso, ƙirji ya cika, mutum ya nutse a kan gado muna kallo. Na ga duka biyun. Wanne ne naki, Inna?

Dole in fita in tambaye shi. Yaushe ta sha, kwano nawa, da me aka dama. Da zarar na tambaya zai gane. Mutumin da ya rufe shagon atamfa ya bi malamai ɗaya bayan ɗaya saboda ke, ya riƙe miki kwanon da hannunsa… in ce masa me? In ce laifin wa?

Jelani ya dawo daga bakin ƙofa, ya sunkuyo kusa da kunnena. Wai Baba na gaisuwa. Wai ga sauran rubutun a gora, ko za a ajiye mata kusa, ta sha in ta farka.

Ka karɓa, Jelani. Ka karɓa da hannu biyu. Ka ce masa… ka ce masa ina zuwa.