Tuffa Ba Ta Jiran Alƙali

Kofi ɗaya ne tak. Bae Chun-sik ya faɗa wa ɗan sanda haka, ya faɗa wa matarsa, har ya gaji da faɗa wa kansa. Ranar Chuseok, bikin kaka na Koriya, bayan sun gaida kakanni a kabarinsu a kan dutse, shi da hannunsa ya zuba wa 'yarsa Seul-gi ragowar giyar hadaya. Wa ke mayar da kofin kakanni? Ta karɓa da hannu biyu, ta kau da fuska ta sha. Da za su sauko daga dutsen, shi ya riga ya yi mankas, sai ya miƙa mata makullin mota. A gindin gada 'yan sanda suka sa ta busa na'urar gwajin giya.

Sauƙin abin, in ji jami'ar kotu, yarinyar ba ta cika sha tara ba. Kotun yara ce za ta saurara, faɗa ne da horo, sunanta ba zai shiga kundin masu laifi ba. Seul-gi kuwa aikin ɗan sanda take son shiga tun tana firamare.

Sai ranar zaman ta faɗo tsakiyar tsinkar tuffa a gonarsa, kuma dole uba ya halarta. Ya ƙirga da yatsu. A gidansu da lissafin wata ake dafa miyar ranar haihuwa, saura mako huɗu ke nan ta cika sha tara. Ya buga wa kotu waya ranar zaman da safe ya ce ba zai samu zuwa ba, a ɗaga. Tuffa dai ba ta jiran alƙali.

Yana kan tsani washegari jami'ar ta kira. Ta tambaye shi ko ya duba katin shaidar 'yarsa. Doka ba ta san lissafin wata ba, ranar da ke kan takarda take bi, ranar kuma jibi ce. Alƙali ba shi da gurbi kafin nan. Za a mayar da takardun wurin mai gabatar da ƙara, kamar na kowane baligi.

Tsoro ya kama shi. Seul-gi na ƙasa, ta riƙe masa tsanin.

"Baba, kotu ce? Wace rana suka ba mu?"

"Riƙe da kyau," ya ce, ya ɗaga hannu ya tsinko wata tuffar.