Kofi Na Bakwai

A shekarar 1979, a hawa na uku na wani bene a unguwar Dokki, can ƙasar Larabawa, Malama Lauratu tana kula da yara shida, 'ya'yan ma'aikatan ofishin jakadanci. Ba allo, ba bulala. Da wasa take koya musu komai, har ƙirga ma da ƙwallayen dabino. Doka ɗaya ta kafa wa kanta: babba ba ya sa hannu a wasan yara, domin a nan hankalinsu yake ginuwa.

Kowane hantsi sukan yi wasan baƙi. Su shimfiɗa tabarma, su jera kofunan roba, ɗaya ya zagaya da buta yana zuba shayin ƙarya. Su shida ne, amma kullum kofi bakwai suke jerawa, biyu a gaban Husaina, ƙaramarsu. Lauratu ta ɗauka kuskuren ƙirga ne, har ta lura mai buta yakan tsaya a kofin da ba mai shi, ya zuba, ya jira kamar ana yi masa godiya.

Ta gaya wa Hindu, mahaifiyar yarinyar. Hindu ta daɗe tana kallon tabarmar, sannan ta ce 'yar tagwaicin Husaina, Hasana, ta rasu a Gusau ko arba'in ba a yi ba, kuma ba a taɓa faɗa wa Husaina ba. A hana wasan, in ji ta, ko ta cire 'yarta, khalas, magana ta ƙare.

Kwana uku Lauratu tana juya maganar. In ta sa hannu ta karya dokarta, in ta ƙi ta rasa yarinyar, kuma uwa ta fi ta haƙƙi. Ranar Laraba, yaran na wanke hannu, ta sunkuya ta ɗauke ɗaya cikin kofuna biyun ta sa a aljihu. Iri ɗaya ne, ba ta tsaya zaɓe ba.

Suka dawo suka zauna. Ba wanda ya yi kuka. Sada, mai buta a ranar, ya ƙirga ya tsaya a shida. Yarinyar ta ɗauki kofin da ya rage, tana bin fanka da taga da kallo kamar yau ta fara ganin ɗakin.

Lauratu ta kira sunan Husaina sau biyu. Ba ta waiwayo ba.

"Malama," in ji Sada a hankali, "na Husaina kika ɗauke."

Da sauri ta zaro kofin ta mayar gurbinsa. Buta ta zagayo, ta wuce shi ba ta tsaya ba. Daga matakala ta ji takun Hindu tana hawowa.