Kawu Ya Rufa Bene

Lokacin da ƙaramar hukuma ta yanke shawarar sake kiyasta harajin gidaje, ma'aikatan sashen haraji ba su cika hannu ɗaya ba, motarsu kuwa ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai daga waje. Rabon da a yi kiyasi tun kafin a shimfiɗa kwalta a unguwannin bayan kasuwa. Gidan da aka sani da ɗaki biyu da rijiya ya zama jerin shaguna, amma abin da mai shi ke biya yana nan yadda yake.

Auta ce ƙarama a sashen, a gida ma haka, shi ya sa sunan ya bi ta har ofis. Da aka raba layuka, sai na kawunta ya faɗo a kasonta.

"Ranka ya daɗe, a canza mini," ta ce wa shugaban sashe. "Yayan mahaifiyata ne."

"In ba ki wanne? Kowane layi a garin nan akwai kawun wani a ciki. Ni gidan surukina na auna jiya, yau da safe da kaina na dafa shayi."

Gidan Kawu bene ne. Ƙasa an gama shi tsaf, har da tayil, amma sama bango ne kawai da rodi a tsaitsaye, shekara da shekaru. A tsohuwar ƙa'ida, gidan da ba a kammala ba rabin haraji yake biya, don haka yawancin benayen layin ba su da rufi. Shi kuwa Kawu sana'arsa sayar da kwanon rufi.

Ya tarbe ta da fara'a, ya tambayi lafiyar mahaifiyarta, har ya riƙe mata bakin tef tana awo. Sai da suka hau sama ya nuna mata sararin samaniya.

"Kin dai gani da idonki. Gini bai ƙare ba."

"Kawu, an canza ƙa'ida. Gidan da mutane ke kwana a ciki kammalalle ne."

"Ko babu rufi?"

"Ko babu."

"Wato in rufa, in bari, duk ɗaya?"

"Duk ɗaya ne, Kawu."

Ya saki bakin tef ɗin, tef ɗin ya naɗe da ƙara. Ya daɗe yana duban bangon da ruwan sama ya mayar baƙi.

"To, zaman me yake yi a buɗe?" ya ce, ba da ita ba.

Kafin wata ya ƙare kafintoci sun hau. Maƙwabta suka gani, suka tambaya, suka bi sahu, kuma a shagon Kawu suka sayi kwano. Babban ɗansa, wanda ya daɗe a gidan haya, ya kwaso iyalinsa ya tare a sama.

A ofis kuwa ƙorafi ya yi ta shigowa. Akwai masu shaguna da ke rantsuwa cewa ɗakin ajiya ne. Akwai kuma waɗanda ƙorafinsu gaskiya ne, kamar wata tsohuwar malamar makaranta da kwalta ta bi ta ƙofar gidanta, darajar gidan ta ninka, fanshonta bai motsa ba. Kowace safiya takan zo ta zauna a bencin baranda, ba ta faɗa da kowa. Auta ta kai maganarta gaba, aka ce sabuwar ƙa'ida ba ta tanadi rangwame ba, sai majalisa ta zauna.

Majalisa ta zauna, amma zaɓe ya matso. Kansiloli suka ce ba sa iya shiga mazaɓunsu. Ciyaman ya dakatar da kiyasin baki ɗaya, ya ce a koma tsohuwar ƙa'ida har kwamiti ya duba. Malamar ta daina zuwa.

A tsohuwar ƙa'ida, bene mai rufi kammalalle ne, cikakken haraji ke kansa.

Kawu ya zo ofis da kansa. Bai kalli teburin Auta ba, ya wuce wurin shugaban sashe.

"Ku kuka ce duk ɗaya ne."

"A lokacin haka ne, Baba. Kana iya ɗaukaka ƙara gaban kwamiti."

"Ina kwamitin yake?"

"Ba a naɗa shi ba tukuna."

Biyu daga cikin maƙwabta suka sa aka kwance musu kwano. Kawu bai iya ba, jikokinsa na kwana a ƙarƙashinsa. Ya biya, ya daina amsa wayar Auta, duk saƙonsa sai ta bakin mahaifiyarta.

"Ya ce in gaya miki bai yi fushi ba," in ji Inna, tana ninke wanki. "Amma ya ce kada ki je tukuna."

"Har yaushe?"

"Bai faɗa ba."

A makon da ya biyo aka mayar da ma'aikatan sashen kan harajin allunan talla. Aka ba Auta titin tasha, ta fara daga shagon wani tela.